Lifta Zuwa Hawa na Huɗu

Henning ya tsaya a hawa na uku yana haki, ba don benen ya gajiyar da shi ba. Magidanci ne, mai gida sukutum a birnin Hamburg na Jamus, amma tsoro yake ji, tsoro na gaske. A hawa na huɗu Waltraud take, tsohuwar da ta kama haya a gidan tun ba a haife shi ba.

Gidan gadon mahaifinsa ne, gadon kuma ya zo da rufi mai yoyo. Banki ya ce ba zai taimaka da gyara ba sai haya ta ƙaru. Doka kuwa ta ce a unguwar nan ba a ƙara haya haka siddan, sai mai gida ya ƙara wa ginin wani abin amfani. Lauya ne ya nuna masa hanya: a sa lifta, na'urar hawa da sauka a bene, a ɗora kuɗinta a kan 'yan haya. Babu inda aka taka doka. Sai dai wanda ƙarin zai durƙusar yana da damar kai kuka kotu. In Waltraud ta kai, banki zai janye, gidan ya faɗa hannun 'yan kasuwa. Ita kuwa ta sha maka mahaifinsa a kotu, ba ta taɓa dawowa da kunya ba.

Bai kai ga ƙwanƙwasawa ba ta buɗe ƙofa.

"Tun daga ƙasa nake jin numfashinka, ɗan nan. Shigo, kada ka some min a bakin ƙofa."

"Barka da rana, Goggo Waltraud."

"Goggo? Yau kuma? Lallai da magana."

Ta zuba masa kofi, ta yanko kek ɗin tuffa. Ya ɗauki kofin, ya ajiye bai kurɓa ba. Ya shiga bayani yana in'ina: rufi, banki, lifta, gwiwoyinta da za su huta. Ta bar shi ya yi ta zuba har miyaunsa ya ƙafe.

"Ka gama? Na buga wa ƙungiyar 'yan haya waya," in ji ta. "Sun ce ɗan fanshona kaɗai ya isa hujja. In na kai ka gaban alƙali, ka sha ƙasa."

Ya hango allon sayarwa a jikin ƙofar gida, ya hango fuskar matarsa. Ya saki baki yana kallonta.

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga. Ba zan kai ka ba."

"Goggo?"

"Ruwan rufin nan a kaina yake fara sauka, na san ba ƙarya kake ba. Ubanka mugu ne, shi ya sa faɗa da shi ke min daɗi. Kai kuwa, wa zai ɓata ƙarfinsa a kan jiƙaƙƙiyar kaza?"

Wani sanyi ya ratsa shi, har ya ji ƙwalla na neman zubowa. Ya ja kek ɗin gabansa ya kai loma, sai yanzu ya san yunwa yake ji. Yana taunawa yana godiya, tana kallonsa kamar ba ta ji.

"Yaushe za a gama liftar?"

"Watan Afrilu, in komai ya tafi daidai."

Ta nuna da haɓa wajen wani ƙaton kabad na baƙin katako da ya cinye bango guda.

"Zai shiga?"

"Me?"

"Kabad ɗin mana. Marigayi mijina ne ya hawo da shi a kafaɗa, shi da abokansa. Gidan kula da tsofaffi zan koma, sun ce in zo da abu babba guda ɗaya. Ƙarin nan ya fi ƙarfina, ɗan nan, kai ma ka sani tun kana hawowa. Na ce su jira a gama lifta, ba zan bari a farfasa min shi a bene ba."

Ya daina tauna. Ya dubi kabad ɗin daga sama har ƙasa. Zai shiga. Shi da kansa ya zaɓi babbar lifta, don lauya ya ce ita ta fi kawo ƙarin haya.