Fuskar Kaka Arzika

Tun da Mushe Jafaru ya ajiye alli ya bar koyarwa a lakwal, ba shi da wani aiki a Dakoro sai neman kayan kakanninsa. Gidansu gidan sojoji ne tun asali. Kakan mahaifinsa, Arzika, mayaƙi ne a ƙasar Maradi tun kafin zuwan Nasara, da Faransawa suka ci ƙasa kuma suka ɗauke shi soja, shi da 'ya'yansa Baraka da Amiru.

Jafaru ya sha wuya a kan kayan nan. Ya yi ta hawan moto, wato babur ɗinsa, yana kutsawa cikin rairayi zuwa Badar Gula, yana zama a zaurukan dangin da ba su ma san shi ba, yana lallashin tsofaffi su buɗe akwatunansu. A haka ya tara maɓallan tagulla, da galon kafaɗa na Baraka, da jar hula wadda asu ya cinye gefenta, da kuben takobi, da hotunan 'ya'yan Arzika bayan sun manyanta. Lambar yaƙin Amiru kuwa a Ajekoriya ya same ta, rataye a wuyan wata tunkiya, sai da ya yi wuni guda yana roƙon mai ita. Ya ware ɗaki a gidansa ya jera su, kullum da safe ya bi su da tsumma. Abu ɗaya ya rasa, fuskar Arzika kansa.

Ya san inda take. Goggonsa Furera, autar Baraka, wadda ke zaune a Sabon Maci, tana da hoton. Shekara da shekaru yana kai mata goro da sukari tana ce masa sai wani zuwan. Ran nan bayan kaka, ba tare da ya ko tambaya ba, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta warware wani tsohon zane.

"Aro na ba ka, Jafaru, ba kyauta ba," in ji ta.

Hoton ya yi ja don tsufa. Arzika na zaune a tsakiya da bindiga a kan cinya, layu sun cika masa damtse, samarin 'ya'yansa na tsaye a bayansa cikin kayan soja. Jafaru ya dubi faffaɗan goshin, da girar hagu da ta ɗan ɗaga sama, da yadda leɓen ƙasa ya turo. Ya san fuskar nan. Ya yi godiya, ya naɗe hoton.

Matarsa Mansura ce ta faɗi abin da ya gani, tun bai gama rataye shi a bango ba.

"Ikon Allah! Malam, ai wannan Alhaji Nu'man ne aka sa wa layu."

"Idonki ne," ya ce, bai waiwayo ba.

Nu'man ɗan ƙanin mahaifinsa ne, ɗan kasuwa mai safarar gero da wake tsakanin Maradi da Najeriya. Bai taɓa bin Jafaru ƙauye ko sau ɗaya ba. Duk sanda ya leƙo ɗakin nan dariya yake yi, ya ce Yaya ya tara tarkacen da ko 'yan gwangwan ba za su karɓa ba.

Kafin mako ya zagayo labari ya bazu. Ɗakin da a da sai Jafaru ya ja hannun mutum kafin ya shiga, yanzu ya cika da takalma a bakin ƙofa. Amma ba mai duban galon Baraka, ba mai tambayar yadda aka samo lambar Amiru. Kowa ya shigo sai ya nufi bango, ya kama baki, ya ce, "Wallahi Alhaji ne sak!" ya ɗauka da salula ya fita. Jafaru na tsaye a gefe da bayanin da ya shirya, ba wanda ya nema.

Da Nu'man ya dawo daga tafiya, shi ma ya zo. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya daɗe tsaye gaban hoton, ya cire hula, ya shafa goshinsa.

"Yaya, ashe haka yake?" ya ce a hankali.

"Haka yake," in ji Jafaru.

Da Nu'man ya yi ba'a kamar yadda ya saba, da abin ya zo wa Jafaru da sauƙi. Hawayen da ya gani a idonsa su suka fi ƙona masa rai. Bayan tafiyarsa ya ɗauki madubin Mansura ya shiga ɗakin ya rufe ƙofa. Ya duba goshi, ya duba hanci, ya duba kunne. Fuskar dangin uwarsa ce tsaf, siririya, babu ko alamar Arzika a cikinta.

A kasuwa aka fara kiran Nu'man da Arzika, shi kuma yana amsawa da murmushi. Har ya soma ba masu awo labarin yaƙe-yaƙen kakansa, yana sa Amiru a wurin Baraka, yana kai su garuruwan da ba su taɓa takawa ba, mutane na gyaɗa kai. Duk wanda ya kawo wa Jafaru wannan labari, ranar tuwo ba ya shiga masa.

Wata la'asar suna fada a gindin bedi ana dafa shayi, Sallau tela ya ce jini ba ya ɓuya, duk zuriyar Arzika Alhaji kaɗai ya ɗauko shi. Jafaru ya ajiye kofinsa.

"Ni fa na sake bincike," ya ce. "Na zaunen nan ba Arzika ba ne. Wani bara ne mai yi wa dawakinsu ciyawa. Ran da aka ɗauki hoton, Arzika ba ya nan, Bature ya ce a ara masa bindiga ya zauna."

Shi kansa bai san daga ina maganar ta fito ba, amma ya ji wani sanyi a ƙirjinsa wanda ya daɗe bai ji ba. Niyyarsa a daina kiran Nu'man da sunan, shi ke nan. Bai yi tunanin tambayar da za ta biyo baya ba. Gari kuwa ya yi ta: in bara ne, ta ina Alhaji ya yi kama da shi? Magana ta bar kan hoto ta koma kan matar Baraka, kakarsu su biyu, wadda ta daɗe a kabari. Nu'man ya daina zama a bakin shagonsa. In sun haɗu a masallaci sai ya kau da kai.

Goggo Furera ta zo ranar kasuwa a bayan motar hatsi, ita da ko biki ta daina zuwa saboda ciwon gwiwa. Ta ƙi ruwan da Mansura ta kawo. Ta dogara sanda har cikin ɗakin kayan.

"Sauko mini da shi."

"Goggo, ki zauna tukuna, ki huta..."

"Uwata ka zaga, Jafaru. Ni na ga Baraka da idona yana nuna wanga hoto yana cewa ga babansa. Kai wa ya gaya maka bara ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba kowa."

"To mi ya yi maka, shi Nu'man?"

Jafaru ya hau kujera ya sauko da hoton. Ta naɗe shi cikin mayafinta, ta ce ba za ta bar garin ba sai ya koma inda ya yi maganar ya kwance ta. Haka ya je fada da yammar nan, tsohon malamin da ya koyar da rabin mazauna wurin, ya tsaya ya ce abin da ya faɗa ba shi da tushe, na zaunen Arzika ne. Sallau ya miƙo masa shayi ba tare da ya dube shi ba.

Sai da damina ta kusa ya iya tattara ƙarfin zuwa Sabon Maci. Yana karya kwana ya hango motar Nu'man a ƙofar gidan. Ya so ya juya, sai dai an riga an ji ƙarar motonsa.

Ya yi sallama. Nu'man na zaune a tabarma kusa da ƙafafun tsohuwar, ya amsa a taƙaice, ya ɗan matsa ya bar masa wuri. Goggo ta ci gaba da labarin da take bayarwa, yadda Arzika, duk da jarumtarsa, ba ya iya shiga kwalekwale, har sai da 'ya'yansa suka ɗaure masa ido da rawani kafin ya ƙetare kogi. Nu'man ya yi dariya har da buga cinya.

Jafaru bai taɓa jin wannan ba. Duk zuwan da ya yi, duk goron da ya kawo, ba ta taɓa ba shi ba.

"Goggo, wane kogi ne?" ya tambaya.

"Bari in gama wa ƙanenka," ta ce.

Ya gyara zama a gefen tabarmar, yana sauraro, abin na cin sa.