Tsinken Ƙafar Yaya

A gidanmu ba a sayen takalmin Kirsimeti da lamba. Mama ba ta yarda da lamba ba. Ta ce wanda ya rubuta arba'in da biyu a ƙasan takalmi bai taɓa ganin ƙafarka ba. Saboda haka da an shiga Disamba sai ta zare tsinkaye daga tsintsiya, kowa ya zo ya tsaya a kan siminti ƙafa ba komai, ta gwada daga diddige zuwa babban yatsa, ta karya. Kowane tsinke da zarensa: nawa ja, na Baba baƙi, na Yaya shuɗi. Shekarata ashirin da shida, ƙafata ta daina girma tun ina sakandare, amma duk shekara sai na tsaya. Tsinken bara ba ya aiki bana, haka dokar take.

Bana Yaya ba ya gidan. Shi ne ɗan fari, shi kaɗai ne namiji, Baba ya gama gaya wa duk unguwa cewa lauya zai zama. Saura shekara ɗaya ya gama jami'a sai ga shi da jakarsa, wai shi aski yake so ya yi. Baba tsohon malamin makaranta ne, bai iya ihu ba. Ya ninke jaridarsa ya ce, "To, a je a yi askin a wani gidan." Yaya kuwa ya je. Wata goma sha ɗaya ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su ba.

Mama abu ɗaya take so, ranar Kirsimeti ta ga ɗanta a gidanta. Ba ta faɗa ba, amma ta rame. Ranar Alhamis ta kira ni ɗaki ta miƙo mini dogon tsinke da shuɗin zare a ɗaure.

"Auta, ki biya ta shagon yayanki."

Na gane nufinta. A gidanmu duk wanda ya miƙa ƙafa aka gwada, ya amsa zai zo ke nan.

Na tarar da Yaya yana yi wa wani mai ƙaton tumbi aski. Ya kalli tsinken ta madubi, bai ko kashe injin ba.

"Baba ya san kin zo?"

"A'a."

"To mayar mata."

Ni kuma na gaji taurin kan gidanmu, sai na durƙusa cikin gashin mutane na kai tsinken kusa da silifas ɗinsa. Ya janye ƙafa. Na bi shi. Ya zagaya kujera, na zagaya da rarrafe. Mai tumbin nan ya bar kallon kansa yana kallonmu.

"Auta, tashi don Allah, kina ba ni kunya."

Na tashi na karkaɗe gwiwoyina. Raina ya ɓaci sosai, kuma na gaya masa. Na ce shi da Baba duk tafiyarsu ɗaya, Mama ce kawai ke ƙonewa a tsakani. Ya ce in gaishe ta.

Mama ta karɓi tsinken, ta ga ba a karya ba, ta haɗa shi da namu ta ɗaure ta sa a jaka. 

Ranar Asabar muka fita sayayya mu uku. Baba kullum yana bin mu, wai saboda ɓarayi, ko da yake ban san ɓarawon da zai ji tsoronsa ba. Aikinsa riƙon leda. Kasuwa ta cika maƙil, ba wurin sa ƙafa. Kowane shago da lasifikarsa, kowace lasifika da waƙarta. Ga bishiyoyin roba, ga fitilu masu ƙyafta ido da rana tsaka, ga wani bawan Allah cikin jajayen kaya da gemun auduga yana ta zufa yana ɗaga wa yara hannu, su kuwa suna ihu suna ɓuya a bayan iyayensu. Muka sayi shinkafa da mai da sabon labule. Mama ta shafe rabin awa tana zaɓen labulen, ta ƙare a kan irin wanda ke rataye a falonmu.

Daga nan sai wurin mai takalma. Tsoho ne, ya fi shekara ashirin yana karɓar tsinkayen Mama, ya san zaren kowa. Ya kwance ɗaurin, ya zura nawa cikin wani takalmi, ya yi. Ya zura na Mama, ya yi. Na Baba ma haka. Sai ya ɗago dogon nan, ya kai kusan kamu biyu.

"Madam, ƙato kuka samu a gidan?" Ya duba zaren. "Af, na lauyanmu ne. Ya ba a karya ba?"

Mama ta kama duba wasu silifas da ba ta da niyyar saya. Ni na kalli rufi. Baba ya tsaya da ledoji a hannu biyu ya kafa wa tsinken ido. Can sai ya ajiye kayan, ya zauna a benci, ya cire takalminsa da safa, ya miƙe tsaye.

"Gwada," ya ce wa Mama.

"Ai an gwada naka."

"Ba nawa ba. Ƙafarmu ɗaya da shi. Tun yana shekara sha bakwai yake sace mini takalmi."

Sai Mama, ita da ta yi wata goma sha ɗaya tana jiran wannan rana, ta buɗe baki ta ce, "Ba a gwada wa mutum da ƙafar wani."

Kai, na so in faɗi ƙasa.

Baba ya ce, "Ni na haifi ƙafar."

Ta durƙusa ta gwada. Sau biyu tsinken yana zame mata kafin ta karya. Na ji tausayinta.

Mai takalma ya kawo wani baƙi mai faɗin baki. Baba ya ce wannan na tsofaffi ne, ba zai so ba. Aka kawo wani ruwan ƙasa mai tsinin baki, irin wanda Baba ke cewa na marasa aikin yi ne. Ya sa, ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, fuskar nan a murtuke.

"Yana ɗan matse shi a ƙaramin yatsa," ya ce. "Amma zai saki. Sa a kwali."

Da muka fito na ce ni dai ba zan kai ba, har yanzu da gashin mutane a siket ɗina. Ba wanda ya kula ni. Baba ya miƙo mini ledoji, ya rungumi kwalin, ya yi gaba. Shagon Yaya na bakin titin kasuwar, titin da Baba ya daina bi tun farkon shekara.

Shagon cike yake, kowa na son ya shiga Kirsimeti da sabon kai. Na zaci Baba zai kira shi waje. Ina! Sai ya shiga ya zauna a ƙarshen benci, kwali a cinya, mutum biyar a gabansa. Ni da Mama muka tsaya a bakin ƙofa da buhun shinkafa. Yaya ya gan shi ta madubi. Wani saurayi ya ce, "Baba, ku zo ku fara." Baba ya ce a'a, layi layi ne.

Awa guda muka yi a tsaye. Yaya na ta aski, Baba na riƙe da kwalinsa. Na ƙudura a raina in suka tashi ba su yi magana ba, ni ma na bar gidan.

Da layi ya zo kansa, Baba ya hau kujera. In faɗa muku gaskiya, Baba sanƙo gare shi. Abin da ya rage masa ɗan gefe ne da ƙeya, almakashin farce ma zai gama da su. Yaya ya yafa masa ƙyalle ya ɗaure a wuya.

"Wane iri za a yi, Baba?"

"Irin wanda ka iya."

Yaya ya yi minti ashirin a kan gashin nan. Da ya gama, Baba ya sa tabarau, ya juya dama, ya juya hagu, kamar yana duba takardar jarrabawa.

"Ba laifi," ya ce.

Ɗaliban Baba sun san wannan kalma. Shekara talatin yana koyarwa, waɗanda suka same ta ba su da yawa.

Ya sauka ya tura kwalin gaban Yaya. Yaya ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya zare silifas ya sa.

"Ya yi?"

"Yana ɗan matse ni a ƙaramin yatsa."

"Haka na ce."

"Wa aka gwada?"

"Ni."

Yaya ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin, ya daɗe bai ɗago ba. Takalmin nan ba shi da igiya.

Baba ya gyara murya. "Ƙarfe takwas muke fita coci. Ka san mamarka da latti."

"Da bakwai zan zo," in ji Yaya, kansa na ƙasa. "Sai na gyara maka ƙeya. Hannuna ya yi rawa a wurin."