Kibiyar Koba

Tun da mijin Koba ya mutu, shekara tara ke nan, ba ta sake miƙa wa kowa nama ba. Kullum ita ake miƙa wa. Ba ta da ɗa namiji, 'yarta guda tana aure can wajen Gobabis, idonta ɗaya kuma ya yi hazo. Ba wanda ya taɓa hana ta rabonta, domin a ƙauyenmu ba a kawo dabba a bar wata bukka ba hayaƙi. Amma duk wanda ya ga yadda take karɓa, ta kau da kai tana kushe tsokar, ya san abin yana ci mata rai. Ta taɓa ce mini tafin hannunta ya gaji da kallon sama. Yayar marigayiya matata ce, shi ya sa ni take gaya wa irin wannan magana, galibi a tsakanin zagi biyu.

Abin da ya rage mata kibiya ce guda. A wurinmu nama ba na maharbi ba ne, na mai kibiyar da ta fara shiga jikin dabba ne, kuma shi ke rabawa. Don haka mata da tsofaffi suke ba maharba kibansu su tafi da su daji. Ta Koba mijinta ne ya yi ta da hannunsa, da kan ƙashi irin na da, kyauronta kuma ya ɗan karkace. Ta ba Dabe, gwanin maharbanmu, wanda yake takwaran mijin nata; tana ce masa mijina, yana ce mata uwargida, ko da yake ta girmi uwarsa. Dabe ya karɓa hannu biyu ya sa a kwari, ya yi shekara tara yana yawo da ita bai taɓa zaro ta ba. In ta tambaye shi, sai ya ce yana jiran dabbar da ita ma ta karkace.

Ana nan sai masu talabijin suka zo, a tsakiyar rani, cikin motoci biyu. Su ne na huɗu da na gani. Shugabarsu wata 'yar ƙaramar mace ce, Marit, wadda rana ta saɓule wa fatar hanci tun ranar farko. Da wani dogon saurayi, Julian, wanda aikinsa shi ne ya zauna cikinmu mako uku, ya ci abin da muke ci, ya juya ya gaya wa kyamara yadda ya ji. Ni aka ɗauka tafinta, saboda na yi shekara ashirin da shida ina koyarwa a Tsumkwe, da sharaɗin in riƙa tsayawa bayan mai kyamara, don wandona da tabarauna ba su dace da mutanen farkon duniya ba. Ban yi musu ba. Na karanta littattafan da aka rubuta a kanmu da yawa, kuma a cikin kowanne muna gab da ƙarewa. Tun ina saurayi muke gab da ƙarewa.

Mutanen ƙauye kuwa biki suka ɗauki abin. Da safe a tuɓe riguna a ɗaura walki, a zuba wayoyi cikin tsohuwar tukunya a rufe, a kawar da jarkokin ruwa bayan kuka. Aka murza itace aka fitar da wuta sau goma sha ɗaya a rana guda, alhali kowa da ashana a bukkarsa. Julian ba shi da laifi, yaro ne mai son mutane. Ya ci tsutsar bishiya ya ce tana da ɗanɗanon gyaɗa, mata suka yi ta dariya har suna riƙe ciki, saboda ba irin wadda ake ci ba ce.

Saura kwana huɗu su tafi aka shirya babbar farauta. Marit ta sa Dabe ya zazzage kwarinsa a kan fata don a ɗauki hoton kiban. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, fuskarta tana lalacewa. Duk kawunansu na wayar shinge ne, wadda aka daka aka wasa, kamar yadda kowa yake yi tun zamanin kakana. Ta ce masu kallo za su gane waya. Sai idonta ya faɗa kan ta Koba, ta ɗauke ta kamar ta tsinci zinariya, ta ce da wannan za a harba.

Na fassara. Dabe ya dube ni, ya dubi kibiyar.

"Malam, gaya mata wannan hagu take tafiya. Ko a cikin kwari ma hagu take kwana."

Na gaya mata. Ta ce ba komai, in ya yi kuskure za su haɗa hoton da wata dabbar daga baya. Dabe ya ɗaga kafaɗa, ya zauna ya shafa wa kibiyar sabon dafi. Ba wanda ya gaya wa Marit kibiyar ta wa ce, ni ma ban gaya mata ba, don ba wanda ya zaci za ta taɓa wani abu ban da ƙasa.

Washegari da hantsi muka ga mariri, namiji, shi kaɗai a bakin wani busasshen tafki. Dabe ya ja ciki a cikin ciyawa, mai kyamara yana bayansa, Julian yana raɗa wa abin ɗaukar magana cewa abin da muke gani bai canza ba cikin shekara dubu goma. Daga inda nake na ga Dabe ya saita bakansa a kan wata ƙaya da ke kamu biyu daga dama da dabbar. Na ɗauka ya yanke shawarar kunyata kowa ne a gama. Ya saki. Kibiyar ta tafi wajen ƙayar, sai ta sake tunani a hanya, ta karkata ta shige cinyar maririn.

Dabbar ta zabura ta ɓace. Dabe ya je ya ɗauko kyauron da ya faɗi, kan ƙashin ya tafi da ita, ya tsaya yana kallon abin da ke hannunsa kamar wanda aka yi wa ƙarya.

Da muka koma ƙauye bai ce wa kowa komai ba, haka ake yi. Ya wuce bukkarsa, ya je ƙofar Koba inda take fasa ƙwayar 'ya'yan itacen mangeti da dutse, ya ajiye kyauron a gabanta ya zauna. Ta lalubo shi, ta shafa karkacewar da babban yatsa.

"Ka karya mini kibiya, mijina."

"Wata 'yar aba ce ta gudu da kan, uwargida. Ramammiya. Ban sani ba ko za ta cika tukunya."

Ta ce ta san za a yi haka, duk dabbobin daji ya rasa wadda zai sa wa kibiyarta sai mai ciwo. Ta ci gaba da fasa ƙwaya, amma sau uku dutsen yana sauka a gefe. Kafin la'asar ta share ƙofar bukkarta har sau biyu, ta aiko a ara mata wuƙata, wai tata ta dakushe.

Da gari ya waye aka bi sawu, aka tarar da maririn ya faɗi a ƙarƙashin wata ƙirya, ƙato, mai kitse. Aka feɗe, aka loda a motar masu talabijin, aka sauke taku ɗari kafin ƙauye don a ɗauki hoton maza suna shigowa da nama a kafaɗa bayan doguwar tafiya.

A nan Marit ta kira ni ta bayyana mini ƙarshen fim ɗinta. Dabe zai zauna a tsakiya da wuƙa, ya yanki tsoka ta farko ya miƙa wa Julian, alamar mun karɓe shi ya zama namu, sannan ya raba wa sauran. Na ce mata naman ba na Dabe ba ne, na mai kibiya ne, kibiyar kuma ke kika zaɓa. Ta saurara da kyau, ta ce al'ada ce mai ban sha'awa. Amma masu kallo sun yi awa guda suna bin Dabe, ba za a ɗauki ƙarshen a ba wata tsohuwa da ba su taɓa gani ba. Kuma hasken da take so ba zai wuce awa ɗaya ba.

Dattawa suka tattauna. Wasu suka ce ai wasa ne, kamar murza wuta. A yi musu, baƙi ne, jibi za su tafi. Wani ya ce wuta ana iya kashe ta a sake, amma tsokar da ta shiga hannun mutum ba a karɓarta a sake rabawa. Ba a tsayar da magana ba, aka turo ni in gaya wa Koba, tun da ni ne na saba da zaginta.

Ba ta zage ni ba, abin da ya fi damuna ke nan. Tana zaune a wurin da ta share, wuƙata a cinyarta. Ta miƙo mini ita ta ƙota.

"To, ku yi. A aiko mini nawa in an gama."

Ta shiga bukka ta ja fatar ƙofa.

Aka jera mutane, aka zaunar da Dabe gaban tulin nama, Julian ya durƙusa a gefensa da fuskar wanda za a naɗa. Marit ta ba da alama. Dabe ya ɗaga wuƙa, ya kamo cinya, sai ya juya kansa wajen bukkar Koba ya ɗaga murya.

"Uwargida, wa zan ba wannan?"

Marit ta tsayar, ta tambaye ni me ya ce. Na gaya mata. Ta ce in roƙe shi ya yanka kawai. Dabe ya ce to, ya ba da haƙuri, ya ce mantuwa ce. Aka sake. Ya ɗaga wuƙa, ya kamo cinya, ya tambayi bukkar ko a fara da ƙirji ne. A karo na uku bai ma kai ga buɗe baki ba, matan da aka jera a baya suka riga shi, suka haɗa baki suna tambayar uwargida wa za a ba. Julian ya fara dariya ya kasa dainawa.

Fatar ƙofa ta motsa. Koba ta fito cikin jar suwaitarta mai huji a gwiwar hannu, da hular sanyi, da takalman roba waɗanda ba launinsu ɗaya ba. Marit ta dafe kai. Mai kyamara, wanda tun zuwansu ban ji ya ce uffan ba, bai ɗaga ido daga na'urarsa ba, ya bi ta da ita har tsakiyar fili.

"Tashi, mijina. Mutumin da bai san hagu da dama ba shi zai raba nama?"

Ta zauna a wurinsa, ta miƙa hannu ba ta dube ni ba, na sa mata wuƙar.

Ban taɓa ganin rabo mai tsawon wannan ba. Kowace tsoka sai ta juya ta, ta ce ba ta da auki, ta kira sunan mutum da na ubansa, ta tuna masa wani abin kunya da ya yi yana yaro, sannan ta ɗora masa a hannu. Dabe ta ba shi ƙirji da cinya guda, ta ce ladan shekara tara da ya yi yana renon kibiya. Wata mai ciki ta samu kitsen ƙoda. Wani tsoho da ba shi da haƙori ko ɗaya ta ba shi ƙashi mai ɓargo, ta ce ya tsotsa ya daina gulma. Mutane suna karɓa suna ramawa, suna cewa ba su taɓa ganin marowaciya irinta ba, ita kuma tana dariya har hawaye yana fita daga idon nan mai hazo. Julian ta ba shi naman wuya, ta ce in gaya masa haƙoransa farare ne don ba su taɓa yin aiki ba. Ni ta jefo mini haƙarƙari, ta ce in kawo gobe ta dafa mini, don ta ga abin da nake yi wa nama tun da ƙanwarta ta tafi, kuma dabbar ba ta yi mini laifin komai ba.

Hasken Marit ya wuce tun tuni. Tana tsaye a gefe ta harɗe hannu, sai Koba ta zaro tsokar gadon baya, wadda ta fi kowace laushi, wadda tun farko ta ɓoye a ƙarƙashin fata, ta yafito ta.

"Malam, gaya wa mai jan hancin nan, duk garin nan ita kaɗai ta san kibiya."

Na fassara kalma da kalma. Marit ta tsaya kamar ba za ta zo ba, sannan ta zo ta durƙusa ta karɓa hannu biyu, jini yana bi mata gwiwar hannu, ta rasa inda za ta sa shi. Ta tambaye ni me ake cewa. Na ce ana cewa ya yi kaɗan. Ta faɗa da harshenmu, a karkace, filin ya kaure da shewa.

Da aka watse, ba abin da ya rage gaban Koba sai fata da ƙahoni da kofato huɗu. Ba ta ajiye wa kanta ko loma ba. Rana ba ta faɗi ba tukuna hayaƙi ya tashi daga kowace bukka, kuma kamar yadda aka saba, duk wanda ya samu ya yanki wani abu daga nasa ya aika wa na kusa. Naman ya fara dawowa ƙofarta. Duk wanda aka kawo sai ta karɓa, ta duba, ta ce a kai gidan wane, ta ga nasu bai isa ba. Ta mayar da biyar haka.

Dabe yana kallo daga wutarsa. Can ya taso da kwano, romo yana tururi, ya tsuguna a gabanta.

"Ba ba ki na yi ba, uwargida. Ɗanɗana mini gishiri kawai."

Ta dube shi da idon mai gani, ta karɓi kwanon, ta kurɓa. Ta ce gishiri bai ji ba. Ta sake kurɓa don ta tabbatar, ta ɗauki tsoka, ta ce wuta ma ba ta ji ba. Dabe ya gyara zama yana jira, har ta miƙo masa kwanon ba komai a ciki.