Taki Goma Sha Huɗu Daga Aduwa

Ranar Talata ce, ranar kasuwar Mafara, an kwana ana ruwa, gari ya waye da laka har idon sawu. Labaran mai gyaran injin ban-ruwa ya turo babur ɗinsa waje ke nan, sai ya ga Kubura, 'yar maƙwabcinsa, tsaye a bakin zaure, hijabinta ya jiƙe.

"Malam Labaran, Baba ba shi gida tun bayan asuba," ta ce. "Digarsa ma ban gan ta ba."

Labaran bai tambayi kowa ba, ya nufi maƙabarta. Shekara arba'in Baba Jibo, mahaifin Kubura, yana haƙar kabari a unguwar, in ya ɗauki diga wuri ɗaya yake zuwa. Can ya same shi cikin rami har ƙugu, ya gama uwar kabari yana share gefenta, taɓo ya rufe masa gemu.

Tsohon ya ɗago, ya amsa sallama, ya shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ina ruwa. Bai tsallake ko ɗaya ba.

"Baba, wa ya rasu?"

"Ashe ba ka ji ba? Isa ƙanena. Bayan azahar za a kawo shi. Miƙo min kwandon ga."

Isa ya shekara tara a ƙasa, kuma Baba Jibo ne ya haƙa masa da hannunsa. Labaran ya miƙa kwandon. A ransa kuwa abu ɗaya ne ya faɗo, kuma ya ji kunyar faɗowarsa. Taibatu.

Taibatu matarsa ce. Ta rasu shekara shida da suka wuce yana kudu, ya bi motar albasa, kafin ya iso an rufe ta da kwana biyu. Baba Jibo ya zo masa ta'aziyya, ya ce duk ranar da ya shirya ya zo ya nuna masa wurin. Labaran ya ce gobe. Goben ta zama shekara shida. A maƙabartar nan ba a kafa allo, ba a rubuta suna. Fasasshen tulu ake ɗorawa ko reshe, damina biyu ta shafe su. Duk wanda ke kwance a wurin, a cikin kan Baba Jibo yake rubuce. Da taki yake aunawa: wane taki kaza daga aduwa, wance taki kaza daga tsohuwar rijiya.

A masallaci ba wanda ya yarda tsohon ba shi da lafiya.

"Mutumin da ya gaishe ni jiya har ya tambayi shanuna?" in ji Ɗanasabe mai nama. "Ni da nake mance inda na aje wuƙa, ni ya kamata a kai asibiti."

Gaisuwar ce ta rufe wa mutane ido kusan shekara guda. Ita kaɗai ta rage masa cikakkiya, kuma kowa da ita yake auna hankalin dattijo. Ba su ga abin da Kubura ke gani a cikin gida ba: yana cin tuwo ya wanke hannu ya ce an hana shi abinci, yana kiranta Inna, yana yin la'asar sau uku.

Da kaka Labaran ya raka su asibiti a Gusau. Likitan ya ba tsohon kalmomi uku ya riƙe, ya tambaye shi wata da shekara, tsohon ya tambaye shi lafiyar mutanen gida. Daga baya likitan ya ce cutar mantuwa ce, ƙwaƙwalwa ke lalacewa a hankali.

"Kakata Saude haka ta yi," in ji Kubura. "Baffa Isa ma haka. Likita, ni ma tana jirana ke nan?"

"Takan bi jini a wasu gidaje, amma ba kowa take kamawa ba. Maganin da zai warkar da ita har yanzu nemansa ake. Ki riƙa auna hawan jini, ki kula da sukari, ki samu barci."

"Barci," in ji Kubura. Ta gyara wa mahaifinta hula.

A mota ta ce da Labaran, yanzu in ta mance gishiri a miya sai ta zauna ta lissafo sunayen 'ya'yanta daga babba har auta, ta ji ko suna nan.

Tun daga ranar Labaran kan shiga zauren Baba Jibo kowace hantsi da kunu a kwano. Ya jira a gama gaisuwa, sannan ya ce, "Baba, Taibatu 'yar Gajere, ina ka sa ta?" Wani lokaci tsohon ya ce ta tafi rijiya. Wani lokaci ya sake sabuwar gaisuwa daga farko. Labaran ya gaji da tambayar, ya gaji da kansa, amma gobe sai ya dawo. Kubura ta taɓa ce masa, daga bayan labule, "Kai kana neman matacciya gare shi, ni ko sunana nake nema."

Da bazara ta shigo tsohon ya daina fita. Wata Juma'a da safe Labaran ya roƙi Kubura, ya ɗora tsohon a babur, ya ɗaure shi da rawani a bayansa, suka tafi a hankali. A ƙofar maƙabarta Baba Jibo ya cire takalmi da kansa, ya yi wa mutanen ciki sallama. Bayansa ya miƙe. Ya dubi wurin kamar manomi a gonarsa.

"Taibatu 'yar Gajere," in ji Labaran, muryarsa a ƙasa.

"Ranar Laraba ce, ƙasa ta yi tauri," in ji tsohon. "Mijin yana kudu. Taki goma sha huɗu daga aduwa."

"Ta wane gefe, Baba? Gabas ko yamma?"

Baba Jibo ya juyo ya dube shi da kyau, fuskarsa ta saki.

"Sannu da zuwa, baƙo. Ina gajiya? Ina mutan gida?"

Labaran ya amsa masa duka, har ƙarshe. Aduwa biyu ne a maƙabartar, ɗaya ma guntun kututture ne, masu itace sun sare ta bara.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka Baba Jibo ya cika, da hantsi, Kubura tana ba shi ruwa da cokali. Samarin unguwa suka ɗauki digarsa suka tafi. Wurin farko, ba su kai gwiwa ba suka tarar da itacen wani kabari, suka mayar da ƙasa. Na biyu ma haka. Sai a na uku, can jikin katanga, suka samu fili. Har aka kawo makara liman na tsaye yana jira a gama.

Da mutane suka watse Labaran ya tsaya. Ya je gindin aduwa mai rai, ya yi taki goma sha huɗu gabas, ya durƙusa ya yi addu'a. Ya dawo ya yi yamma, da kudu, da arewa. Sannan ya koma wajen kututturen ya sake daga farko. Rana ta take, ƙafarsa na ƙuna, wuri takwas ya tsaya, bai san ko ɗaya ya dace ba.

A zauren Baba Jibo an jingine diga ɗaya, da shebur, da kwanduna biyu. Su suka rage. Abin da ya tafi kuwa: tsoho ɗaya, da sunan Kubura a bakinsa, da makwancin mutanen shekara arba'in, da sanin gefe ɗaya cikin takwas, inda Taibatu take kwance.