Jan Biro a Teburin Tela

Shekara shida muna wasan nan duk Asabar da la'asar, a ɗakin baya na shagon Tela, a kan teburin da yake yanka yadi. Wasan labari ne. Kowa yana da takarda guda da aka rubuta wane ne shi a cikin labarin da abin da ya iya, ni ke jan labarin, ni ke yanke hukunci, in abu ya rage ga sa'a a jefa ƙwayar lido. Maɓallan riga su ne mutanenmu. Dokar teburin ita ce, duk wanda ya ɗora yatsa a kan maɓallinsa, da bakin mutumin cikin labari yake magana, kuma abin da ya faɗa ya faɗu ke nan. Ƙarti huɗu da furfura muna musu a kan maɓalli, har matanmu suka gaji da yi mana dariya.

Tela ɓarawo ne a wasan, ya kuma iya fiye da yadda ya kamata mutumin kirki ya iya. Direba maharbi ne. Yayana, wanda yake aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, shi ya ɗauki jarumin rantsuwa: mayaƙin da aka ba wa haske a hannu, in ya taɓa mutum ya san ciwonsa, bisa sharaɗin ba zai taɓa yin ƙarya ba. Ƙarya ɗaya tak, in ja layi a kan hasken, ya koma soja kamar kowa. Aikina gyaran rubutu ne a maɗaba'a, jan biro ba ya barin aljihuna, shi ya sa suke kirana Jan Biro. Ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, ina kuma alfahari da hakan. Shekara shida ina ɗana wa Yaya tarko, shekara shida yana tsallakewa. Ya sha jefa su cikin masifa saboda gaskiyarsa, Tela ya yi ta mita wai tafiya da Yaya ta fi tafiya da ɗan sanda wahala.

Sai Tela ya fara ramewa. Jininsa ta hannun Yaya ya bi, kuma abin da takardar ta nuna ba mai warkewa ba ne. Matar Tela, wadda muke kira Anti, ta riƙe Yaya a barandar asibiti tana kuka har sai da ya yi mata alkawari ba zai faɗa wa mijinta ba, don a cewarta in ya sani zai daina cin abinci. Ni a mota na ji, ranar da Yaya ya kasa tuƙi ya tsaya a gefen titi. Ba wanda ya tuna ya sa ni alkawari.

Asabar ɗin da ta biyo, Tela ya dage sai an yi wasa. Ya sa matashi a bayansa, awon tela na rataye a wuyansa ko da yake ya yi wata bai taɓa almakashi ba. Na fara labari, na kai su bakin wata gada, sai ya tura maɓallinsa kusa da na Yaya, ya bar yatsa a kai.

"Jarumi, taɓa ni," ya ce. "Faɗa mini, zan tashi?"

Ba abin da ya sami ɓarawon nan a cikin labari, dukanmu mun sani. Direba ya sunkuyar da kai. Ana jin keken ɗinki yana tafiya a shagon gaba. Yaya zai iya ƙin taɓa maɓallin, amma shirun ma amsa ne. Ya daɗe yana kallon takardarsa da ta yi laushi don yawan naɗewa, sannan ya ɗora yatsa.

"Za ka tashi, abokina," ya ce.

Tela bai ko kalle shi ba. Aljihuna yake kallo.

A nan na gane dabarar ɓarawon, na kuma ji haushinsa, na ji tausayinsa ya kusa tsaga mini ƙirji. Ya san Yaya zai iya karya rantsuwa saboda ƙauna. Ni ne bai taɓa gani na yi sassauci ba. In na bar biron a aljihu, na cika wa Anti burinta, na kuma yaudari mutumin da ya zo neman gaskiya a wurin da kawai ya tabbata zai same ta. Na dubi Yaya. Ya janye gwiwar hannunsa daga kan takardar.

Na ciro biron. Na ja layi a kan hasken, ya fito a karkace, irin wanda da wani ya ja a wurin aiki sai na mayar masa.

Tela ya dubi jan layin sosai, ya gyaɗa kai a hankali. Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Yaya, wanda ya rufe fuska.

"Shekara shida ina neman in sa ka yi ƙarya," ya ce, "yau na samu." Ya juyo gare ni. "Na gode, ƙanena. Kada ku gaya wa matata na sani."

Ya tattara ƙwayar lidon a tafin hannunsa, ya tambayi waye zai fara haye gadar.