Mijin da ke Cikin Talla

Mu shida ne a ɗakin taro ranar da aka yanke shawarar gyara halin maza, kuma dukanmu maza ne. Wani kamfanin garin sabulun wanki ya ba mu aikin talla. Manajanmu ya ce ya gaji da hoton mace tana murmushi a gaban igiyar shanya, yana son abin da zai sa mutane su yi ta ce-ce-ku-ce.

Ni na rubuta. Shekara tara na yi a jarida ina gyara labarai kafin in koma rubutun talla, don haka na san yadda ake tsokanar jama'a da kalmomi kaɗan. Sakan talatin ce tallar. Wani magidanci yana durƙushe gaban baho yana wanki, abokansa biyu suna leƙowa ta katanga suna dariya. Ya ɗago kai ya ce, "Namiji ba ya tsoron kumfa." Sai ya ɗaga farar riga fes.

Ɗan wasan da muka ɗauka ya fasa da safiyar ranar ɗaukar hoto. Yayansa ne ya hana shi. Darakta ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kaina.

"Kai kana da fuskar miji," in ji shi. "Ga ɗan tumbi, ga alamar an sha wuya."

Na ɗauka yabo ne, na naɗe hannun riga.

Cikin mako guda gari ya rabu biyu. Wasu suka ce an zubar da darajar maza don a sayar da sabulu. Wasu suka ce tuni ya kamata a faɗi haka. Akwai kuma masu tambayar me ya haɗa mai sabulu da wa'azi, kuma a raina su ne suka fi kusa da gaskiya, amma ba a biyana don in faɗa. A shagon mai aski aka raɗa mini suna Mai Kumfa. Mai askin ya ce matarsa ta nuna masa tallar sau uku, ya kuma yi mini askin da bai taɓa yi mini irinsa ba wajen muni. A kanti kuwa wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta sa mini albarka. Na karɓa.

Matata ma'aikaciyar jinya ce. Tana fita kafin yara su gama karin kumallo, ta dawo ƙafa a kumbure. Injin wankinmu ya lalace tun bara, ni kuma ina nan da niyyar kiran mai gyara. Ranar hutunta take wanke kayan mutum huɗu da hannu, har da fararen kayan aikinta. A shekara goma sha ɗaya na aurenmu, iyakar taimakona shi ne cire biro daga aljihu, shi ma ba kullum ba.

Ranar Alhamis ta biyu bayan fitowar tallar ta dawo daga aiki, ta ajiye jaka, ta zauna ba tare da ta cire takalmi ba.

"Baban yara, yau ma an tare ni."

"Su wa?"

"Abokan aikina. Wai in gaya musu sirrin. Ɗaya ta ce ta yi faɗa da mijinta a kanka, ta ce masa ya je ya ga mijin wance. Har kuka ta yi mini."

"Ke me kika ce?"

"Murmushi na yi. Kwana goma ina murmushi, har kumatuna sun fara ciwo." Ta cire takalmi ɗaya. "Na jure wankin. Amma ba zan haɗa wankin da ƙarya ba. Wanda ya sake tambayata, zan faɗa masa."

Na ce ai talla ce, kowa ya san talla ba rantsuwa ba ce. Ta ce to in gaya wa mai kukan.

Abin da ban gaya mata ba shi ne Manaja ya riga ya shirya mini muhawara a gidan rediyo ranar Asabar da safe, kuma ya ba su lambarta don a kira ta ta ba da shaida. Washegari da suka neme ta, ta ce musu ba matsala. Ni kuma ta ce mini, "Allah ya kai mu."

Abokin muhawarata Gemu ne, tsohon abokin aikina a jarida, wanda yanzu yake da shafin ra'ayi duk Laraba. Mun zauna a ɗan ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso, kowa da makirufo a gabansa, mai gabatarwa a tsakiya tana kallon agogo.

Gemu ya ce tallar ta ɗauki duk maza a matsayin marasa imani, alhali namiji yana da nasa nauyin da ba a nunawa a talabijin. Ni na ce al'umma tana canzawa, dole talla ta bi ta. Ya ce kamfani ba ya son al'umma, kuɗinta yake so. Na ce ko da son kuɗi aka faɗi gaskiya, gaskiya ce. Jimlar ta yi mini daɗi har na rubuta ta a gefen takarda. Masu kira uku na farko maza ne, biyu nasa, ɗaya nawa. Ina ganin na ci rabi.

Ta huɗu mace ce. Ta ce sana'arta wanki da guga, shekara ashirin.

"Ni ba ruwana da gardamarku," in ji ta. "Tambaya ɗaya gare ni ga malamin nan mai kumfa. Malam, a cikin bahon nan naka, na ga farar riga, na kuma ga sabon jan tawul, duk a ruwa ɗaya, ga tururi na tashi. Ko idona ne?"

Na ce ba idonta ba ne. Darakta ne ya sa tawul ɗin don hoton ya yi kyau.

"To da wane launi rigar ta fito?"

Na tuna sarai. Rigar ta fito kamar an jiƙa ta da ruwan kankana. Mu shida muka tsaya a kanta muna mamaki, ɗayanmu har ya ce ƙila sabulun ne ya yi ƙarfi. Aka aika kanti aka sayo sabuwa, ita na ɗaga wa duniya. Tawul ɗin kuma muka bar shi a hoton, don babu wanda ya zarge shi a cikinmu.

"Duk macen da ta ga tallar nan ta sani," matar ta ci gaba. "Mun yi shiru ne don mu ga inda za ku tsaya. Ko yadda kake murza wuyan rigar, kamar mai shafa kyanwa."

Mai gabatarwa ta danne dariya. "To, masu sauraro, akwai wadda za ta raba gardama. Uwargidansa tana kan layi."

Na ji numfashin matata a kunnena, da ƙarar famfo a bayanta. Na san abin da take yi. Ko dai ta tona ni a gaban gari, ta koma aiki ranar Litinin a matsayin wadda ta kunyata mijinta, ko ta sake murmushi, wannan karon a rediyo. Ni na ajiye ta a wannan tsaka-mai-wuya, ban ko tambaye ta ba.

"Kafin ta yi magana," na ce, "bari in rage mata aiki, ko da sau ɗaya ne. Ban taɓa wanki a gidana ba. Ranar tallar nan ce ta farko, kuma rigar ta lalace. Wadda kuka gani sabuwa ce."

Mai gabatarwa ta tambayi matata ko tana da abin cewa.

"Ya riga ni," in ji ta. "Sai dai in gaishe da mai wankin da ta kira. Sannu da aiki, yaya." Ta kashe waya.

Gemu ya miƙo hannu ta saman tebur ya kama nawa, fuskarsa cike da farin ciki. "Ashe namu ne," ya ce wa masu sauraro. "Barka da dawowa gida." A duk abin da aka faɗa mini cikin makonnin nan, wannan ya fi zafi.

Ina saukowa daga matakala Manaja ya kira. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kamfanin sabulu yana son ganinmu ranar Litinin, kuma daga yanzu ni zan riƙe tallar tayar mota, inda yake fatan ba a jiƙa komai.

Na iske ta a falo ta miƙe ƙafa a kan kujera, hannunta a bushe. Ta bar wankin a rabi, ta mayar da komai wurinsa, kayan kuma suna tare a kwando.

"Litinin za su tausaya mini," ta ce. "Mai kukan ma za ta zo ta ba ni haƙuri."

"Ki yafe ni."

"Tausayin ya fi mini. Aƙalla da shi zan iya sakin fuskata."

Na tsaya ina kallon kwandon. Na cire agogo na sa a aljihu.

"Maman yara, ina ake ajiye bahon?"

Ta ɗago ta dube ni. "Shekara goma sha ɗaya kake gidan nan," in ji ta, ta ɗauki wayarta.

Na duba banɗaki, na duba kicin, na duba ƙarƙashin matakala. A bayan ƙofar baranda na same shi, guda biyu ne, babba da ƙarami. Na koma falo in tambayi na mene ne ƙaramin, na tarar ta yi barci.