Wa Ya Ziyarci Wa

Verna Hruska ta kife wayar da ƙarfi har cokalin da ke cikin kofi ya yi ƙara. Tun safe take buga wa gidaje waya, amsar ɗaya ce: ranar Lahadi babu wanda ya taka gidan wani.

Tun tana amarya take rubuta wa jaridar mako-mako ta garinsu, a nan jihar Nebraska ta Amurka, ɗan shafin nan na wa ya ziyarci wa. Yanzu sabon edita, Colby Ostergaard, jikan ƙawarta marigayiya, ya ce in yau Talata ba ta kawo abin da zai cika gurbin ba, tallar takin zamani za a sa a wurin, shi ke nan har abada.

Ta buga wa maƙwabciyarta Doris Pokorny.

"Ke Doris, ba wanda ya zo miki?"

"Jikokina mana! Mun sha hira ta bidiyo. Rubuta sun ziyarce ni."

"Sun zauna a kujerarki? Sun ci abincinki?"

"Haba Verna, suna can birnin Denver fa."

"To ba su ziyarce ki ba."

"Ke dai tsohuwar alfadara ce wallahi," in ji Doris, ta katse.

Alfadara ko ba alfadara ba, Verna ta san abin da aka koya mata. A jaridun da, ba a wasa da kalmar nan ta ziyara. Wanda ya tsaya bakin ƙofa ya gaisa, cewa ake ya leƙa. Ziyara kuwa sai an cire hula, an zauna, an sha kofi, an ci wani abu, an yi tsegumin farashin masara. Tsohon editan da ya koya mata aiki ya taɓa mayar da ita gidan fasto a cikin ƙanƙara don kawai ta tambayo ko baƙon nasa ya zauna.

Sai ga Elmer mai garejin gyaran tarakta ya ɗaga waya. Ya ce ɗansa ya zo, ya zauna, har ya ci nama. Verna ta jawo biro da sauri.

"Amma kar ki sa," in ji Elmer. "Uwarsa ba ta san ya shigo gari ba."

Verna ta ajiye biron. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa!

Da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Colby ne, yana ta murza hularsa a hannu.

"Misis Hruska, ba zama zan yi ba."

"A gidana ba a magana a tsaye, ɗan nan. Ni na canja maka ƙyallen fitsari. Zauna."

Ya zauna. Ta zuba masa kofi, ta tura masa farantin kolaci, burodin nan mai zaƙi da ta gada wurin uwarta. Ya ci ɗaya, ya ƙara, yana kauce wa idonta.

"Masu jaridar sun riga sun sayar da gurbin tun makon jiya," ya ce a ƙarshe. "Na kasa faɗa miki ta waya."

"Au! Shi ne ka bar ni ina bin mutane kamar mai roƙon gishiri?"

"Ki yi haƙuri. Na ƙwato miki layi biyu, ko za ki yi wa masu karatu ban kwana."

Ta ɗaga kofinta cikin haushi. Ta so ta watsa masa sauran kofin. Sai ta dube shi: hula a kan gwiwa, ɓurɓushin burodi a gaban riga, kofi ya kusa ƙarewa.

Ta jawo takarda ta rubuta, ta miƙa masa. Ya karanta a fili, muryarsa na raguwa: "Colby Ostergaard ya ziyarci Misis Verna Hruska ranar Talata. An sha kofi, an ci kolaci."

"Ban kwanan fa?"

"Ba ban kwana aka ɗauke ni rubutawa ba," ta ce, tana kwashe kofuna. "Duk garin nan kai kaɗai ka zauna. Kar ka taɓa mini ko kalma ɗaya."